Ɗaurin Hannun Hagu

Madubin yana nan inda Yaya ya jingine shi, tsakanin gadon Inna da taga. Na ce masa ya zo ya ɗauki abinsa, masu kawo ɗinki suna bukatarsa a shago. Ya ce a bar shi tukuna. Ni ma ban sake tayar da maganar ba.

Inna ita ce ta haife mu, ni da Yaya. Ni ce ƙarama, shi ya sa ta ci gaba da kirana Auta har furfura ta fara fito mini. Tun da aurena ya ƙare na dawo gida muke zaune tare, ina yi wa Yaya kalmasa da sa maɓalli a tsakar gida, shi kuma yana shagonsa na ɗinki a bakin titi. A unguwar Briqueterie ta Yaoundé aka haifi Inna, a nan ta yi aure, a nan ta tsufa, cikin lungun da ke bayan layin teloli, inda ƙarar kekuna ba ta yankewa sai an kira salla.

Sana'arta ɗaurin ɗankwali. Ba ta da shago, ba ta da allo a ƙofar gida. In za a yi biki, a kartiyenmu, wato unguwarmu, ko Messa ko Nkomkana, sai a aiko a ɗauke ta tun da hantsi, ta ɗaura wa amarya, ta ɗaura wa uwar amarya da ƙawaye. A bayan mace take tsayawa, ta sa ta kalli madubi, hannuwanta su yi ta zagaya kai, kafin a gama gaisawa da mutanen ɗaki ta gama. Nata ɗaurin kuwa daga nesa ake gane shi. Dogo ne, ya ɗan kwanta wajen dama, da kunne ɗaya a tsaye a baya.

Wata safiya da damina tana alwala sai buta ta suɓuce daga hannunta. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓarin dama. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi. Maganarta ta dawo, ƙafar ma ta dawo har tana takawa da sanda. Hannun ne bai dawo ba. Yakan kwanta a cinyarta, in za ta tashi sai ta ɗauke shi da na hagu kamar mai ɗaukar jariri. Ta koyi ci da cokali. Ta koyi karɓar abu da hagu tana cewa a yi mata afuwa. Amma ta daina fita, ko ƙofar gida ba ta leƙawa, kuma ɗankwali ne ya tsare ta.

Na ɗaura mata da kaina. Ta dubi ƙaramin madubinta, ta ce, "Wannan ɗaurin mai zuwa ɗiban ruwa ne," ta zare shi. Yaya ya ɗinko mata irin wanda ake ɗinkewa a ɗaure, mace ta kifa kawai ta fita. Ta juya shi a hannu, ta miƙa masa.

"Hula ce wannan. Ka kai wa masu jarirai."

"To ki sa hijabi mana, Inna," in ji shi.

"Hijabi na san inda nake zuwa da shi. In na shiga gidan biki da shi, ni da aka sani da ɗauri, kowa zai gane dalili. Sai a fara ayya, ayya. Ba na son ayya."

Akwai Gwaggo, taubashiyar Inna, 'yar kawunta, da ke zaune a Nkomkana. Tun suna 'yan mata ba sa haɗuwa sai da zagi. Gwaggo ta kira Inna baiwarta, Inna ta kira ta ɓarauniyar ƙosai, saboda wani abu da ya faru tun ba a haife mu ba. In suka fara, mata sukan bar aikinsu su zo saurare. To, tun da Inna ta kwanta sai Gwaggo ta canza. Ta riƙa zuwa da lemo da ayaba, ta zauna a bakin gado tana magana ƙasa-ƙasa. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya, ayya. A wani zuwan ta ce matar ɗanta tana da ciki, har ya fara nauyi, amma kada Inna ta wahalar da kanta ranar suna, za a kawo mata jaririn har gida.

Da ta tafi Inna ta juyo ta dube ni.

"Kin ji ta, Auta? Ko ita ta daina zagina. Ashe na mutu ban sani ba." Can ta ƙara da cewa, "Za ni sunan nan da ɗaurin hannuna. In kuwa ya gagara, to ni da fita shi ke nan."

Ban taɓa ganin an ɗaura ɗankwali da hannu ɗaya ba.

Matar da ke motsa wa Inna jiki a asibiti ta taɓa ce mini in nemi bidiyon motsa yatsu a waya, mu riƙa yi a gida. Ina cikin neman ne wata rana wayar ta kawo mini wata mata da ban nema ba. Na kalla a tsaye a bakin murhu har albasa ta ƙone. Sannan na shiga ɗaki na zauna kusa da Inna.

"Inna, ga wata mata ki gani."

"Matar wa?"

"Ban san mijinta ba. Ki dai dubi hannunta."

Baƙa ce mai faɗin fuska, da wushirya, za ta yi sa'ar Yaya. Tana zaune a kujera, hannunta na dama a kwance a cinya kamar na Inna. Ta yi sallama, sannan ta ci gaba da Faransanci. Inna ta amsa sallamar, ta ƙara da maraba, ta jawo zane ta rufe ƙafafunta. Matar ta ɗora ɗankwali a kai, ta kama gefe ɗaya da haƙori, ta zagaya da ɗaya gefen, ta danne da haɓa, ta soke, ta ja, ta sake sokewa. Ta juya kai dama da hagu, ta yi murmushi. Ɗaurin bai motsa ba.

Inna ta gyara zama.

"Ɗaurin ba kyau," ta ce. "Amma ya zauna. Ki ce ta sake."

Daga ranar ta zama Malama. Ba mu taɓa kiranta da wani suna ba.

Washegari muka fara. Na jingine wayar da filas ɗin shayi a kan kujerar tsuguno, na ba Inna ɗankwali. Wurin wuya a tsakiya yake, inda ake sakin haƙori a danne da haɓa, kuma Malama tana wuce shi da sauri kamar mai gudun ruwa. Da muka iso wurin sai na sa yatsa na tsayar da bidiyon, don Inna ta kamo ta. Malama ta daskare, baki a buɗe, ido ɗaya a lumshe.

Inna ta kai mini duka a gwiwa da hannun hagu. Ban san yana da ƙarfi haka ba.

"Ke wace irin yarinya ce? Mutum na magana ki katse shi? Dubi yadda kika bar baiwar Allah!"

"Inna, haka ake yi. Kowa haka yake yi."

"Ba a gidana ba. Sake ta."

Na sake ta. Ta ƙarasa, ta yi ban kwana, Inna ta ce a sauka lafiya. Sannan muka koma farko. Haka muka yi ta yi, tun daga sallama har ban kwana, kowane zagaye da dogon bayaninsa, don kawai mu ga wurin nan da ke wucewa kamar ƙiftawar ido. Kafin Malama ta fito kuma akwai wani mutum mai tallar sabulu da yake rigan ta. Inna ta ce ɗan rakiyarta ne, kuma ba shi da kunya. Rezo, wato sabis ɗin waya, a lungunmu ba shi da ƙarfi, wani lokaci Malama takan tsaya da kanta, ɗan da'ira yana juyawa a kan hancinta. Wannan Inna ba ta damu da shi ba. Takan ce, "Ƙyale ta, tunani take yi."

Na kai ƙara wajen Yaya. Ya shigo bayan la'asar, zaren ɗinki a kafaɗarsa, ya tsuguna ya gaishe ta.

"Inna, matar nan fa ba ta ganinki."

"Allah yana ganina."

"Hoto ne kawai, an ɗauka tuntuni."

"Kun ɗauka ban san hoto ba ne? Na riga ku ganin talabijin. Amma matar nan ta zauna, ta ɗaga hannun da ya rage mata, ta koya wa wadda ba ta sani ba, ba ta ce a ba ta ko goro ba. Ba zan bar ta baki a buɗe kamar kifin kasuwar Mokolo ba."

Yaya ya dube ni, na dube shi. Ya tafi da wayar shago, inda rezo ya fi kyau, ya sauke bidiyon a ciki. Daga nan Malama ta daina tunani, mai sabulu ma ya ɓace. Inna ta ce gara da ta sallame shi.

Maganar tsayarwa kuwa a makarantar matan aure na samo mafita. Na tuna cewa in malam yana karatu wata ba ta gane ba, takan ce gafarta malam, a maimaita, kuma ba a ɗauki wannan rashin ladabi ba. Na faɗa wa Inna. Ta yi nazari har shayinta ya huce, sannan ta yarda, amma da sharaɗi. Za a nemi gafara tukuna. Ba za a tsayar da ita ba sai bakinta yana rufe. In an tsayar kuma za a daɗe, a rufa mata hankici ta huta, kada a bar ta ana kallonta.

Sai ga ni ina koyon wani karatu nawa na daban, wato inda Malama take rufe baki. Na gano cewa duk lokacin da ta gama wani mataki takan ce voilà, ta haɗiye yawu, ta ɗan yi murmushi. Nan ne wurin. Inna ta ce, "Gafarta Malama," ni kuma yatsana yana sama yana jiran voilà. In na yi kuskure na kama ta da harshe a waje, gwiwata ce ke biya. Har yanzu in na rufe ido ina iya ganin kowane wuri da matar nan take rufe baki.

Yaya ne kuma ya nuna mini yadda ake rage saurin bidiyo. Da na gwada, hannun Malama ya koma tafiya a hankali, kowane yatsa ana ganinsa, amma muryarta ta yi kauri kamar ta namiji mai mura. Inna ta yi dariya har sai da na riƙe ta kada ta zame daga gado. Rabona da jin wannan dariyar tun kafin buta ta faɗi. Da ta share hawaye ta ce ba za a mai da malamarta gardi ba. Sai muka kashe muryar gaba ɗaya, ni na zama bakinta. Faransancina na firamare ne da na kasuwa, amma ya isa. Ina cewa kama, ciza, zagaya, danne, soke, Inna tana bi. In kuma muna son jin muryarta ta gaskiya ana ruwa, kwanon rufi yana ƙara, sai in sa wayar cikin langa. Langar takan ɗaga muryar har a ji ta daga tsakar gida.

Duk da haka ɗaurin bai zauna ba. Hannun da Malama ke aiki da shi na hagu ne, irin na Inna, kuma da farko wannan ya faranta mata rai. Amma da yake Malama tana fuskantar mu ne, sai hannun nata ya fito ta wajen damanmu. In ta zagaya ta nan, Inna ta bi ta da ido ta zagaya ta can, ɗankwalin ya warware ya sauko mata a fuska. Na yi ta cewa ɗaya gefen, Inna, ɗaya gefen. Wata rana da hantsi ya sauko mata har wuya, ta fizge shi ta jefar bayan ƙofa.

"Ki kashe. Ki ba ta haƙuri, ki ce ɗalibarta ta tsufa."

Kwanaki ba ta nemi wayar ba. Ni ma ban matsa ba. Ina kalmasa a bakin ƙofarta, tana kwance tana jan carbi. Sai na tarar Malama tana da wani shiri na murya kawai, wanda ake kira podkas, ita da wata ƙawarta suna hira a kan zaman gida bayan irin wannan ciwo. Na sa a langa, na yi kamar don kaina nake saurare. Ba a jima ba Inna ta ce, "Me ta ce?" Na tsayar na fassara. Ban sha duka ba. Na tambaye ta dalili, ta ce murya ba ta da fuskar da za a kunyata, amma dai a nemi gafara.

Haka muka riƙa yi da rana, su yi magana kaɗan, in tsayar, in mayar da Hausa, in ɗinka maɓalli ɗaya, mu ci gaba. A cikin hirar ne Malama ta ce ita ma ta sha jifa da ɗankwali, kuma da tsohon zane mai laushi ta koya kafin ta taɓa sabuwar atamfa. Da na fassara wannan, Inna ta tashi zaune.

"Ita ma ta yi jifa?"

"Ta ce har ta fasa kofi."

"To ta fi ni zuciya. Buɗe akwatin can, akwai tsohon zanena mai ganye-ganye."

A ranar ne aka aiko daga Nkomkana cewa matar ɗan Gwaggo ta shiga watanta.

Na yanka tsohon zanen, na jingine wayar da filas kamar kullum. Inna ta dubi wayar, ta dubi ni.

"Ni fa na san abin da ke damun karatun nan. Ba a koyon ɗauri fuska da fuska. Ni da na koya, a gefen yayar babana nake zama, muna kallon wuri ɗaya. Ki zaunar da Malama kusa da ni."

Na ɗauki wayar na ajiye a kan matashi a gefen kafaɗarta, tana kallon inda Inna ke kallo.

"To yanzu ai ba kya ganinta, Inna."

"Ke da yayanki kun yi makarantar boko, ku nemo yadda zan gan ta."

Na je na faɗa wa Yaya. Ya ajiye almakashi, ya ciro dogon madubin da ke bangon shagonsa, ya ɗauko shi a ka. Teloli suna ta tsokanarsa a hanya, wai ko amarya zai yi. Ya shigo da shi a karkace saboda ƙofar, ya jingine tsakanin gado da taga. Na ɗaga matashin, na gyara wayar, na kunna.

A cikin madubin sai ga mata biyu zaune kafaɗa da kafaɗa, babba da 'yar ƙarama. Hannun da ke aiki a gefe ɗaya, wanda ke kwance a gefe ɗaya. Malama ta ɗaga hannu, Inna ta ɗaga, suka zagaya tare ta hanya guda. Inna ta ciza, ta danne da haɓa, ta soke. Da ta saki, ɗankwalin ya tsaya. Ya tsaya a karkace kamar tukunya a kan dutse ɗaya, amma bai faɗo ba.

Yaya ya juya yana duban taga, wai yana ganin ko ruwa zai sauko. Inna ce ta dubi matar cikin madubi ta ce, "Voilà."

Bayan nan abin ya riƙa tafiya. Da safe bayan ta karya, da kuma bayan azahar, su biyu a cikin madubi, ni a gefe da yatsa a sama. Daga tsohon zane muka koma atamfa da aka wanke, daga nan sabuwa mai ƙarfi. Haƙoranta na gefe suka yi ciwo, ta koma cizawa da na gaba. Yaya ya ƙara wa ɗankwalayenta tsawo kaɗan don a samu abin sokewa. Wata rana da suka iso wurin da Malama ke gamawa ta juya kai, Inna ta ce, "Gafarta Malama, nan ke kika sauka. Ni da sauran tafiya." Na rufa hankici. Ta kai hannu baya, ta lalubo bakin ɗankwalin, ta murɗa shi da yatsu biyu, ta ja sama. Kunnen ya tsaya, ya faɗi. Ta sake. Wannan babu bidiyon da ya koya mata, kuma shi ya fi cin lokaci.

Aka haifi namiji.

Ranar suna na yi mata wanka da wuri, na sa mata shadda ruwan toka, na ɗauko wayar. Ta ce in mayar.

"Yau Malama ta huta. Ke ma fita, ki ja mini ƙofa."

Na tsaya a tsakar gida ina jin motsinta. Na ji ta yi tsaki. Na ji shiru mai tsawo. Na ji sanda ta faɗi, na kama ƙofa zan shiga, ta ce kada in kuskura. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya lafiya, na ce lafiya. Sai can na ji, "Auta."

Na shiga. Ɗaurin dogo ne kamar da, kunnen yana tsaye a baya. Sai dai ya kwanta wajen hagu. Ta ga ina kallon wurin.

"Hannun da ya ɗaura shi ya ja shi wajensa. Ba ni sandata."

Muka fito lungu. An yi ruwa da asuba, jar ƙasa tana santsi, na riƙe ta a gwiwar hannu muna tsallake kwata. Da muka ɓullo layin teloli kekuna suka fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Hajiya barka da fitowa, Inna ina kwana, Mama sannu. Tana amsawa da kai, a hankali, kamar mai ɗauke da tulu. Mai tsire na kusurwa, da bai ko hura wuta ba tukuna, ya fito har titi ya tsayar mana da taksi.

Gidan Gwaggo a kan tudu yake, taksi ba ya kai wa ƙofa. Muka hau da ƙafa, muna hutawa. Tsakar gidan cike da mata, ga tukwane, ga hayaƙi. Da muka yi sallama hira ta yanke. Na ga idanu suna sauka a kan hannun da ke rataye, na ji wata daga baya ta fara ayya. Hannun Inna ya yi tauri a cikin nawa.

Gwaggo ta fito daga ɗakin mai jego da sauri, tana goge hannu a zane.

"'Yar'uwa, ai da kin zauna, na ce za a kawo miki shi. Sannu, sannu, a kawo kujera..."

Sai idonta ya hau sama. Ta tsaya. Ta zagaya bayan Inna ta dubi kunnen, ta dawo gaba.

"Wa ya yi miki wannan ɗaurin?"

"Ni."

Gwaggo ta dube ni. Na gyaɗa kai. Na ɗauka kuka za ta yi, kuma na san in ta yi kuka Inna ba za ta sake fitowa ba. Ta ja numfashi, ta riƙe ƙugu.

"Da ƙafa kika ɗaura?"

"Da haƙori," in ji Inna. "Abin da ke ba ki da shi."

"Ku ji mini baiwa! An bar ki kwana biyu ba aiki kin yi ƙiba har kai ya karkace!"

"Ku ɓoye ƙosai, jama'a, ɓarauniya ta ga baƙi za ta yi ta kanta!"

Gidan ya kwashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa. Aka kawo kujera, Inna ta ce ba za ta zauna ba sai an nuna mata angon nata, ta ga ko ya yi kama da mutane ko da kakarsa. Aka ɗora mata shi a cinya, kusa da hannun da ke kwance. Har la'asar suna zagin juna. A taksi muna dawowa ta jingina da ni, ta ce, "Kin ji ta? Da ƙafa wai." Ta yi ta dariya ita kaɗai har muka iso.

Washegari ta sa ni na rubuta wa Malama godiya a ƙarƙashin bidiyon. Ta so a aika mata goro da turmin atamfa, na ce babu hanya. Ta ce to in rubuta cewa wata tsohuwa a Yaoundé ta fita, kuma tana yi mata addu'a. Na rubuta da Faransancina yadda na iya.

Inna ta ci gaba da fita. Ta je biki a Messa, ta je gaisuwa a Elig-Edzoa, ta je Mokolo zaɓen atamfa tana raina wa masu shago kaya. Ba ta sake ɗaura wa amarya ba, amma takan zauna a gefe tana ba da umarni da sanda. Damina ta sake zagayowa, ta wuce. A wadda ta biyo baya ciwon ya dawo mata, wannan karon bai tsaya a hannu ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Bayan an share makoki mutane sun ragu, Gwaggo ta zo ita kaɗai da hantsi, babu lemo, babu ayaba. Ta shiga ɗakin ta zauna a bakin gado, gaban madubin.

"Auta, kunna mini matar nan. In ga wadda ta koya wa baiwata karkataccen ɗauri."

Na ɗora wayar a kan matashi kusa da kafaɗarta. Malama ta yi sallama, Gwaggo ta amsa. Ta kalla har wurin cizawa, sannan ta sa bakin mayafi a ido ta ce in tsayar tukuna.

Na ce, "Gafarta Malama." Na jira ta ce voilà, ta rufe baki, sannan na taɓa. Na ɗauko hankici na rufa mata.

"Da wa kike magana?" in ji Gwaggo.

Na zauna kusa da ita na ba ta labarin tun daga farko, har da mai sabulu da kifin Mokolo. Ta yi dariya, ta share ido, ta ce Inna tun tana yarinya haka take, ba ta da aiki sai wahalar da mutane. Sannan ta gyara zama ta fuskanci madubin, ta ce in ɗage hankicin, a bar baiwar Allah ta ƙarasa maganarta.